Yadda Za a Rage Karkatar Tunani Wajen Zaɓen Tsarin Ginin Manhaja

Akwai wani zama da har yau in na tuna shi sai in ji kunya. Mu bakwai ne a ɗaki, janareta na ta ruri a waje, ana so a yanke yadda za a gina manhajar da masu sayar da kaya a sari za su riƙa rubuta ciniki da bashi a kanta. Kafin kowa ya buɗe baki, oganmu ya kifa wayarsa a kan tebur ya ce, "Ni dai a ganina maikirosabis za mu yi, a ɗora a kan Kubernetes. Amma fa kowa ya faɗi ra'ayinsa." (Maikirosabis shi ne a raba manhaja ƙananan ɓangarori masu zaman kansu, Kubernetes kuma kayan aikin da ke tafiyar da su a kan sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta.) Muka kuwa faɗa. Awa biyu muna gardama a kan ko gida tara za a raba manhajar ko gida goma sha ɗaya. Babu wanda ya tambaya ko akwai dalilin raba ta tun farko. Bayan watanni, muna zaune cikin dare muna neman inda wani rasit ya maƙale tsakanin ɓangarori uku, sai ɗan bautar ƙasar da ke tare da mu ya ce da ni, "Yallaɓai, wallahi tun ranar na so in ce ko za a fara da guda ɗaya, sai na ga kowa ya amince."

Babu jahili a ɗakin nan, kuma babu mai mugun nufi. Abin da ya same mu shi ne abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira karkatar tunani: gajerun hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke bi don ta huta, waɗanda suke yi mata amfani a kasuwa da kan titi, amma su kai ta su baro idan shawarar mai nauyi ce. Tsarin ginin manhaja kuwa tarin irin waɗannan shawarwari ne: wane rumbun bayanai, a dunƙule ko a rarraba, sassa su yi magana kai tsaye ko ta layin saƙo, a sabar wa za a zauna. Tun ran gini tun ran zane. Kuskuren da ke cikin kod, wato rubutun umarnin manhaja, ana gyara shi da yamma ɗaya, na tsari kuwa sai a shekara ana biyan bashinsa.

Abu guda da ya kamata a sani tun kafin a shiga matakai: haddace sunayen karkata ba ya warkar da kowa. A 2002 Emily Pronin da abokan aikinta sun nuna cewa mutane na saurin gane karkata a jikin wasu, amma su ɗauka su kam ba ta kama su sosai ba. Laifi tudu ne. Shi kansa Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002 kan wannan fage, ya sha faɗin cewa shekarun da ya yi yana nazari ba su gyara masa nasa tunanin ba sai kaɗan. Saboda haka matakan da ke ƙasa ba wa'azi ba ne a kan "a yi tunani da kyau". Gyara ne ga yadda ake zama, wa zai fara magana, me za a rubuta, da yaushe za a sake dubawa.

Mataki na 1: Ware shawarar da ta cancanci wahala

Ba kowace shawara za a yi wa taro ba. Jeff Bezos, a wasiƙarsa ga masu hannun jarin Amazon ta shekarar 2015, ya raba shawarwari gida biyu: ƙofar da in ka shiga za ka iya fitowa, da wadda in ka shiga ta rufe. Tambaya ɗaya ta isa: in bayan wata shida muka gane mun yi kuskure, kwana nawa za mu ɗauka mu koma? In amsar kwana biyu ce, mutum ɗaya ya yanke a wuce. In amsar wata uku ce, ko kuma sai an kwashe bayanan kwastomomi daga wuri zuwa wuri, to a bi sauran matakan. Abin mamaki, ƙungiyoyi da yawa juya abin suke yi: mako guda ana faɗa a kan yadda za a jera sunayen fayiloli, sannan a zaɓi rumbun bayanai a cikin minti goma.

Mataki na 2: Rubuta matsalar da lambobi, ba tare da sunan ko kayan aiki ɗaya ba

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne riba. Mutum ɗaya ya zauna ya rubuta shafi guda da ke bayyana abin da ake so tsarin ya iya ɗauka. Dokar ita ce kada sunan wata fasaha ya fito a ciki. Da zarar an rubuta "muna buƙatar Kafka", an daina bayyana ciwo, an koma rubuta magani.

Kalmomi irin su "mai sauri", "mai ɗaukar jama'a da yawa", "mai tsaro" ba su da amfani a nan, domin kowa zai cusa musu ma'anar da ta dace da abin da ransa ke so. Cibiyar nazarin injiniyancin manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, wadda ta fito da hanyar tantance tsari da ake kira ATAM, ta dage a kan mayar da irin waɗannan kalmomi su zama ƙananan labarai masu awo: wane ne ya yi me, a wane hali, me tsarin zai yi, kuma ta yaya za a auna. Mu ƙaddara manhajar 'yan sari ce irin tamu. Maimakon "ta yi aiki ko babu intanet", sai a rubuta:

Yaron shago yana cikin tsakiyar kasuwa, sabis ya ɗauke na awa uku, ya rubuta ciniki 60 a wayarsa. Idan sabis ya dawo, duk su isa ba tare da ɗaya ya ɓata ko ya ninka ba, cikin minti biyu.

Maimakon "ta ɗauki jama'a da yawa", sai a rubuta shaguna nawa ake da su yau, nawa ake sa rai nan da shekara, da ciniki nawa ake yi a awar da ta fi cunkoso, misali a makon jajiberin salla. A yi lissafin a fili. Shaguna 2,000, kowanne na rubuta ciniki 300 a yini, ya zama 600,000. A raba a kan awa goma na kasuwa, bai kai 17 a daƙiƙa ba. Ko an ninka shi goma saboda salla, sabar ɗaya mai matsakaicin ƙarfi da rumbun bayanai na PostgreSQL za ta ɗauke shi tana hamma. Sau da yawa wannan ɗan lissafi na bayan ambulan shi ke kashe rabin gardamar.

A sa iyakokin da ba na fasaha ba su ma: mutum nawa ne a ƙungiyar, su wa za su tashi cikin dare in abu ya faɗi, da kuɗin wata. Kuɗin nan kuma a rubuta da wane kuɗi ake biya. Wanda ke karɓar naira yana biyan sabar haya da dala ya ga abin da ya faru bayan Yunin 2023, lokacin da aka saki farashin canji: dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Tsarin da ke da arha a takardar wani kamfani na Amurka yana iya zama shi ne ajalin naka.

Mataki na 3: Kowa ya rubuta kafin kowa ya yi magana

A 1974 Amos Tversky da Kahneman sun wallafa wani gwaji a mujallar Science. An juya wata ƙafar caca mai lambobi a gaban mutane, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda ƙafar ta tsaya musu a kan 10 sun ce wajen kashi 25. Waɗanda ta tsaya musu a kan 65 sun ce wajen kashi 45. Sun gani da idonsu cewa lambar ba ta da alaƙa da tambayar, amma ta ja su. Wannan shi ne turke: abin da aka fara ji shi ake kewayawa, kamar akuya da igiyarta.

To idan lambar caca za ta yi haka, ina ga maganar oga? A wurinmu abin ya ninka, domin tarbiyyarmu ce ba a musu da na gaba a gaban jama'a. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin zana tsari tana mayar da ƙwaƙwalwa bakwai ta zama ɗaya. Kuma faɗin "kowa ya saki jiki" ba ya aiki. Oganmu ma ai ya faɗa. Ga abin da ke aiki:

A raba shafin matsalar kwana biyu kafin zama. Kowa ya rubuta nasa zaɓin da dalilansa a rabin shafi, ya aika wa mutum ɗaya da zai tattara, ba a zauren WhatsApp na ƙungiya ba, inda saƙon farko zai zama turke. Mai tattarawa ya cire sunaye ya jera su. A ranar zama, a yi minti goma sha biyar ana karatu shiru. A Amazon haka suke buɗe manyan tarukansu, da karanta takarda mai shafi shida ba tare da kowa ya ce uffan ba. Idan aka zo magana, a fara daga mafi ƙanƙanta a aiki, a hau sama. Babba shi ne na ƙarshe.

In kai ne babban, wannan zai yi maka wuya fiye da yadda kake zato. Ko gyaɗa kai da ɗan murmushi ana karantawa. Ni dabarar da na samu ita ce in karɓi aikin rubuta abin da ake faɗa, kaina a sunkuye. Kuma idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo abin da ya saɓa wa naka, amsar farko da za ka ba shi ita ce za ta yanke ko zai sake magana a shekarar. "Ƙara min bayani, me ka gani?" ta fi "Ai mun riga mun yi tunanin wannan" nesa ba kusa ba.

Haka ake yi wa ƙiyasin lokaci. Wasan katin ƙiyasi da James Grenning ya fito da shi a 2002, inda kowa ke ɗaga katinsa a lokaci guda, ba don nishaɗi aka yi shi ba. Don kada lambar mutum na farko ta zama turke ne.

Mataki na 4: A kawo zaɓi uku na gaske

Na gaske na ce, domin akwai wata tsohuwar dabara: mutum ya kawo abin da yake so, ya jingina masa wasu raunana biyu don a ce an kwatanta. Maganin haka shi ne kowane zaɓi a ba shi wanda zai kare shi da gaske, kuma ya fi kyau a ba mutum kare zaɓin da ba nasa ba. Ɗaya daga cikin ukun dole ya zama mafi sauƙi da zai iya biyan buƙatun mataki na 2, ko da kuwa "mu ci gaba da abin da muke da shi, mu ƙara masa ƙarfi" ne.

Karkata biyu ke fakon mutum a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Ta farko ita ce ta mai guduma, wadda Abraham Maslow ya yi nuni da ita a 1966: in guduma kaɗai gare ka, komai ƙusa ne. Wanda ya shekara biyar da rumbun bayanai na MongoDB zai ga kowace matsala ta dace da shi, har lissafin bashi da ke neman tebura masu alaƙa da ƙa'idar "ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga". Ta biyu ita ce ɗokin sabon abu. An ga bidiyon wani injiniyan Netflix, an ji yadda suke da ɗaruruwan ɓangarori, sai a ce mu ma haka. Ba a tambayar injiniyoyi nawa ne da su. Ba a kuma jin labarin ƙananan kamfanonin da suka kwaikwaya suka durƙushe, saboda wanda ya mutu ba a gayyatarsa ya yi jawabi. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba: son a rubuta sabuwar fasaha a takardar neman aiki. Ba laifi ba ne mutum ya so ci gabansa, amma a san cewa kamfanin ne zai biya kuɗin makarantar.

Yana da kyau a san labaran waɗanda suka juyo. A 2018 kamfanin Segment ya bayyana yadda ya mayar da ɓangarori fiye da 140 suka koma dunƙulalliyar manhaja guda, domin ƙaramar ƙungiyarsu ta koma ba ta komai sai kashe gobara. A 2023 wata ƙungiya a Prime Video, dandalin kallon fina-finai na Amazon, ta bayyana cewa ta haɗe kayan aikinta na sa ido kan ingancin hoto da sauti wuri ɗaya, kuɗin da take kashewa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Sai dai a kula: kayan aiki ɗaya ne, ba Prime Video gaba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ɗauki labarin ya ce "kun gani, rarrabawa shirme ce" ya faɗa ramin da yake yi wa wasu dariya. Tambayar da ta dace ga kowane labari ita ce: yanayinsu ya yi kama da namu a girman ƙungiya, yawan aiki da kuɗi? Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa tsarin manhaja kan ɗauki siffar yadda masu gina ta ke sadarwa. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya ƙungiya ɗaya ce, ko an raba musu kod gida goma sha ɗaya.

Dan McKinley, tsohon injiniya a Etsy, ya kawo wata dabara a 2015 da nake amfani da ita: ka ƙaddara kamfaninka na da tikitin ƙirƙira guda uku kacal. Duk fasahar da babu wanda ya taɓa riƙe ta cikin dare tana cin tikiti ɗaya. A namu misalin, daidaita bayanai tsakanin waya da sabar bayan ɗaukewar sabis shi ne ainihin abu mai wuya. Can ya kamata tikitin ya tafi.

Mataki na 5: Fito da zato fili, sannan ka nemi abin da zai ƙaryata shi

A 1960 Peter Wason ya ba mutane lambobi 2, 4, 6, ya ce su gano ƙa'idar da ke bayansu ta hanyar kawo nasu ukun. Yawanci sai su ce 8, 10, 12, a ce daidai, su ce 20, 22, 24, a ce daidai, sai su tabbatar cewa ƙa'idar ita ce ƙara biyu-biyu. Alhali ƙa'idar ita ce kowane lambobi uku masu hawa. Kaɗan ne suka gwada abin da zai rusa zatonsu. Haka muke yi: in mun so wata fasaha, abin da muke rubuta wa Google shi ne dalilan da suka sa ta fi, ba inda ta ba mutane kunya ba.

Saboda haka a ƙarƙashin kowane zaɓi a rubuta jerin "wannan zai yi aiki ne idan har...". Idan har shaguna ba su wuce kaza ba. Idan har wayoyi biyu ba sa gyara rasit ɗaya a lokaci guda. Idan har kamfanin biyan kuɗi na amsawa cikin daƙiƙa biyar. Zaton da ba a rubuta ba shi ke kisa. Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta na farko. An ɗauko manhajar auna motsi daga Ariane 4, inda aka bar wata lamba ba tare da kariya ba saboda lissafi ya nuna ba za ta taɓa wuce iyaka ba a tafiyar waccan rokar. Sabuwar ta fi gudu a kwance, lambar mai bit 64 ta ƙi shiga gurbin bit 16, wato ta fi ƙarfin wurin da aka ware mata, na'urar ta tsaya. Ta ajiya ma ta tsaya, don manhaja iri ɗaya ke cikinta. Zaton daidai ne a lokacin da aka yi shi. Yanayi ne ya canza ba a koma an duba ba.

Daga cikin jerin, a zaɓi zato biyu ko uku da in sun faɗi komai ya rushe, a gwada su da ƙaramin gwaji na kwana biyu zuwa biyar. Sharaɗi mai muhimmanci: a rubuta abin da za a kira faɗuwa kafin a fara. "In aika ciniki 60 ya wuce minti biyu a kan wayar Android mai arha da sabis mai rauni, mun bar wannan hanya." In ba a rubuta ba, sakamako ko wane iri ne za a yi masa fassarar da ta dace da son rai. Kuma a yi gwajin a inda za a yi aikin. Mu mun taɓa gwada komai a ofis da intanet mai kyau, sai da wani ya ɗauki wayar ya shiga lungun kasuwa, tsakanin rumfunan kwano, muka ga manhajar na juyi kamar mai neman alƙibla.

Mataki na 6: Ƙiyasta daga waje

Idan aka tambayi injiniya wata nawa aiki zai ɗauka, yakan lissafa matakan da yake gani ya tara. Abin da ba ya gani, kamar rashin lafiya, canjin ra'ayin mai kuɗi, da bayanan da suka fito a hargitse, ba ya shiga lissafi. Bent Flyvbjerg da Alexander Budzier sun duba ayyukan fasahar sadarwa 1,471 a 2011: a matsakaici kuɗi ya haura da kashi 27 cikin ɗari, amma ɗaya cikin shida ya haura da kashi 200, lokaci kuma da kusan kashi 70. Maganin shi ne a buɗe tarihin ƙungiya: ayyuka biyar na baya masu kama da wannan, nawa aka ce, nawa aka ci? In kullum ninki biyu ne, to wannan ma ninki biyu ne, ko da zuciya na cewa wannan karon daban ne.

Mataki na 7: A yi zaman makoki tun aikin na da rai

Gary Klein ne ya yaɗa wannan dabara a 2007. Bayan an karkata ga zaɓi ɗaya, kafin a sa hannu, mai jagoranci ya ce: "Mu ƙaddara shekara ta zagayo, aikin nan ya faɗi warwas. Kowa ya ɗauki minti biyar ya rubuta abin da ya kashe shi." Sai a zagaya, kowa ya karanta ɗaya, har su ƙare.

Sirrin yana cikin yadda aka juya tambayar. In ka ce "akwai mai ganin matsala?", mai magana ya zama ɗan adawa. In ka ce ya riga ya mutu, mai kawo dalili mafi kaifi shi ne gwani. A irin wannan zama ne za ka ji abubuwan da mutane ke haɗiyewa: "Mutum ɗaya ne ya iya wannan fasahar, kuma yana neman biza." Wasu na ƙyamar abin, suna ganin kamar fata ne marar kyau. Sai a tuna musu cewa mai haƙa magudanar ruwa tun rani ba kiran ambaliya yake yi ba. A ɗauki dalilai uku mafiya haɗari, kowanne a ba shi mai kula da abin da za a yi.

Mataki na 8: Rubuta shawarar a ajiye kusa da kod

A 2011 Michael Nygard ya ba da shawarar gajeriyar takarda ga kowace babbar shawara, mai sassa biyar: take, yanayin da ake ciki, abin da aka yanke, matsayinta, da abin da zai biyo baya, mai daɗi da marar daɗi. Ana ba ta lamba, a ajiye ta cikin ma'ajiyar kod, kuma ba a goge ta. In an sauya ra'ayi sai a rubuta sabuwa a ce ta maye gurbin waccan. Ni nakan ƙara abu uku: zaɓuɓɓukan da aka ƙi da dalili, wanda bai yarda ba da hujjarsa, da sharuɗɗan sake dubawa. Ga yadda takan kasance:

Shawara ta 4: Manhaja guda mai sassa a ciki, da PostgreSQL. Mu bakwai ne, ana sa ran ciniki bai wuce 200 a daƙiƙa ba ko a cunkoso. Mun ƙi rarrabawa saboda babu masu kula da ita. Mun yarda cewa kuskure a sashe ɗaya na iya tsayar da duka. Mutum ɗaya na ganin sashen aika saƙonni zai buƙaci fita da wuri. Za a sake dubawa in ƙungiya ta kai mutum 20, ko nauyin rumbun ya zauna sama da kashi 70 na mako biyu, ko bayan wata tara.

Amfaninta na fitowa ne daga baya. Idan abu ya lalace, kowa kan ce ai shi dama ya sani. Idan kuma ya yi kyau, sai a ɗauka hikima ce ko da sa'a ce. Takardar ce kaɗai shaidar abin da aka sani a ranar, don haka da ita ake raba mummunar shawara da mummunar sa'a.

Mataki na 9: Ranar sake dubawa

A sa ranar a kalanda tun yanzu, in ba haka ba ba za ta zo ba. Abokin gaba a nan shi ne ciwon abin da aka riga aka kashe. Gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan ta bayyana cewa ba zai mayar da su ba, har sunansa ya zama laƙabin wannan karkata. Jimlar da za ka ji ita ce, "Bayan duk wahalar da muka sha?" Wata takwas ɗin sun tafi ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar da za a yi ita ce: da yau muka zo muka tarar da wannan tsari, da abin da muka sani yanzu, za mu zaɓe shi? Zai fi kyau wanda bai sa hannu a shawarar farko ba ya jagoranci zaman, kuma a bar wa wanda ya kawo ta hanyar fita da mutuncinsa: sharuɗɗan da aka rubuta ne suka cika, ba shi ne ya gaza ba.

Amma kada gudun wannan ya jefa ku cikin ɗaya ramin, wato rushe komai a sake daga tushe. Netscape, manhajar buɗe shafukan intanet, ta yi haka: bayan fitowa ta 4 a 1997, sai a ƙarshen 2000 ta fitar da ta 6, kuma a tsakanin abokin hamayyarta Internet Explorer ya kwashe kasuwa. Tsohon kod yana da muni a ido ne saboda yana ɗauke da gyare-gyaren matsalolin da sabon bai haɗu da su ba tukuna. A sauya sashe-sashe, tsohon na aiki ana zare masa nauyi.

Mu haka muka yi. Muka fara da ɓangarori ukun da rasit ke maƙalewa a tsakaninsu, muka mayar da su ɗaya, muka bar shi ya yi wata guda a kasuwa kafin mu taɓa na gaba. A ƙarshe biyu suka rage: babbar manhajar, da sashen aika saƙonnin tes, wanda shi kam yana da dalilin zama shi kaɗai saboda kamfanin da muke aikawa ta wurinsa yakan yi jinkiri ya riƙe komai. Takardar shawarar haɗewar ɗan bautar ƙasar nan ne ya rubuta ta, oga ya karanta a ƙarshe, ya gyara kuskuren rubutu guda biyu ya sa hannu.